Faifan da Radovan Ya Tsallake

Ganda ce ta kayar da Radovan, ina faɗa ne don masu hali irin nasa.

Tun da aka raba sinimar garinmu biyu da katanga, tsoho Milutin mai injin majigi ya kafa doka: muddin akwai mutum ɗaya a zaune, ba a yanke fim. Da ya rasu, Radovan ya gaje shi.

Wani dare na ƙanƙara, ɗaki na biyu ba kowa sai wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali. Radovan ya ƙosa ya tafi gida, sai ya tsallake faifan ƙarshe na fim ɗin, ya kunna fitila, ya sauko.

"Iya, a tashi, an gama. Ko nan za ki kwana?"

"Ɗana, saura faifai ɗaya."

Bakinta bai motsa ba. Daga lasifikar bayan allo muryar ta fito. Ya dubi kujerar, irin mai naɗewa ce, kuma a naɗe take, alhali tsohuwar tana zaune a kai.

Kafin bazara ya rasa idon da yake leƙa inji da shi, ya rasa aikin, ya rasa barci. Mu kuma aka rufe mana ɗakunan duka biyu.