Ƙauyen da Aka Ƙona a Kan Tebur

A garin Xela akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da kai, tana da baki. Ba muguwa ba ce. Amma tana da hali guda. In ta ga abu a rubuce cikin littafi, to shi ke nan, ba ta ƙara tambaya.

Wani ɗan kawunta ya tafi aiki babban birni, ya bar mata littafin wasa. Wasan zaune ne. Ana kewaye tebur, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi. In jarumi zai yi faɗa ko zai tsallake rami, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuskoki da yawa. Abin da dayis ya nuna, shi ya faru.

Yarinyar ce mai ba da labari. Masu wasa kuwa su uku ne. Akwai Wilmer, mai son sara da suka. Akwai Marleny, wadda ba ta zama sai da abin taunawa. Sai Gaspar, maƙwabcinta, abokinta tun suna rarrafe.

Duk Asabar da rana a gidan su Gaspar suke wasa, don teburinsu ya fi faɗi. Gaspar a hannun kakarsa yake, Nan Petrona, wadda kowa ke kira Nan. Tsohuwa ce daga wani ƙauye na kan tsauni, kullum cikin jan zane. Sana'arta haɗa 'yan tsana ƙanana, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Irin waɗanda yaro ke faɗa wa damuwarsa, ya tura ƙarƙashin matashi ya kwanta. Kowace sai ta ɗaura mata jan zane irin na ƙauyensu.

Ranar da yarinyar ta cika shekara sha biyu, Gaspar ya kawo mata su cike da jaka.

"Nan ta ce a ba ki," in ji shi. "Wai surutunki ya yi yawa, 'yar tsana ɗaya ba za ta iya ɗauka ba."

Littafin wasan ya zo da jarumai na roba, farare, masu sulke. Amma bai zo da abokan gaba ba. Don haka baƙin wake ake jerawa a madadinsu.

Wata rana Wilmer ya ce, "Ni na gaji da kashe wake. Yaƙi muke yi ko girki?"

Sai yarinyar ta tuna da jakarta.

Da Asabar ta zagayo, ta zo da tire na ƙarfe. Ta jera kwalayen ashana a kai, ta yi musu rufi da bawon masara. Ga gidaje, ga rumbu. Sannan ta zazzage 'yan tsanan, ta tsayar da su a ƙofar kowane gida.

Ta gyara murya. "Ga labarin yau. Sarki ya kira ku. Akwai zinariya cikin tsauni, amma dodannin tsauni sun hana a haƙa. Ya ce ku share ƙauyensu."

Gaspar ya dubi tiren. "Waɗannan ai na Nan ne."

"Yau dodanni ne. Suna da yawa, kuma sun yi daidai da gidajen."

"Me suka yi wa sarkin?"

Ta buɗe littafi ta karanta masa. "Dodannin tsauni miyagu ne tun daga haihuwa. Duk jarumin da ya kashe ɗaya yana da maki."

"Na ji. Amma me suka yi?"

Wilmer ya yi tsaki. "Kai sarkin tambaya, kotu muka zo? Jefa dayis mana."

"Jarumina zai tsaya ya yi magana da su tukuna."

"Babu wannan a littafi," in ji yarinyar.

"Har da yaran za a kashe?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Yaran ma ai girma za su yi."

Ba ta yi tunani ba ta faɗa. Wilmer ya tafa mata, ita kuwa ta ji daɗi. Gaspar ya mayar da hannuwansa ƙarƙashin tebur. Bai ƙara taɓa dayis ba.

Wilmer ya ce jaruminsa zai cinna wa rumbu wuta. Ya jefa dayis, ya ci. Yarinyar tana so wasan yau ya fi na kullum. A cikin kwali ɗaya akwai sauran tsinken ashana. Ta ƙyasta, ta ɗora a kan rufin.

Busasshen bawon masara ba ya jira. Nan da nan wuta ta bi gidajen.

A daidai lokacin Nan Petrona ta fito daga kicin da kofunan kunun masara. Kicin ɗin kusa yake, duk abin da aka faɗa ta ji. Ta ajiye kofunan a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Sai ta cusa hannu cikin wutar. Ta riƙa zaro 'yan tsanan ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunaye ƙasa-ƙasa.

"Magdalena. Jacinto. Taso, Eulalia, taso."

Zaren da ya ƙone ya manne mata a yatsu. Ba ta janye ba. Gaspar ya ɗauki kunu ya sheƙa a kan tiren. Ɗakin ya cika da ƙauri. Marleny ta daina tauna.

Tsohuwar ta dubi yarinyar. "Wa ya koya miki maganar nan ta yara?"

"Ba kowa, Nan. Wasa ne kawai."

"Shi ma wancan da dariya ya faɗe ta."

Ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Gaspar ya tura mata littafin. "Ɗauki abinki. Kada ki ƙara shigowa gidanmu."

Ranar Litinin ya canza wurin zama a aji. In ta yi masa magana, sai ya dubi bango. An naɗe hannun Nan Petrona da bandeji. Ta daina aiki. Abinci ma sai an matsa mata take kai loma ɗaya.

Wilmer kuwa ya zare jikinsa. "Ni ba ruwana. Ke kika ƙyasta."

Malamarsu, Seño Amarilis, ta lura. Seño shi ne yadda ake kiran malama a garin. Da aka tashi tara ta tsayar da yarinyar.

"Ke da Gaspar da ba a raba ku, me ya faru?"

Yarinyar ta faɗa mata komai. Ta ƙare da cewa, "Na san laifina, Seño. Da ban kunna ashana ba, da ba abin da ya faru."

"Wasa da wuta laifi ne, babba ma. Amma kina ganin da ba wutar, komai lafiya ke nan?"

"Ai littafi ne ya ce miyagu ne."

"A cikin labarin, wa ke son zinariya?"

"Sarki."

"Wa ya aiko a kashe su?"

"Sarki."

"Su kuma kin ji ta bakinsu?"

Yarinyar ta girgiza kai.

"Kin taɓa ganin jariri mugu?"

"A'a, Seño."

"Ni ma ban taɓa ba. In kin je gida ki tambayi mamarki abin da ya raba Nan Petrona da ƙauyensu."

Ta sami mamarta a gaban murhu tana gasa wainar masara. Uwar ta riga ta ji labari. Unguwa duka ta ji. Ba ta ko juyo ba ta fara magana.

"Lokacin yaƙi ne. Ni ina goye a lokacin. Masu bindiga suka hau tsauni. An ce musu duk mutanen ƙauyukan can abokan gaba ne. Ba su tambayi kowa me ya yi ba. Suka fara da rumbuna, suka bi da gidaje."

"Nan tana ciki?"

"Tana cikin gonar masara, kwance, ta toshe bakin jaririnta. Shi ne baban Gaspar. Daga inda take ta ji wani ya tambayi shugabansu, yaran fa?"

Yarinyar ta matso kusa da murhun. "Me ya ce?"

"Abin da kika ce."

Uwar ta juya wainar da yatsa.

"Ba a bar musu ko kabari ba. Shi ya sa duk 'yar tsanar da ta haɗa, sai ta ba ta sunan wani daga cikinsu. Mutanenta ta ba ki cikin jakar nan, don ta yarda da ke."

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Kukan nan ba ya warkar da hannun kowa," in ji uwar. "Wanke fuskarki ki tafi."

Gaspar ne ya buɗe ƙofa. Ya tsaya ya tare hanya.

"Na ce kada ki dawo."

Daga ciki muryar tsohuwa ta ce, "Bar ta ta shigo."

Nan Petrona tana zaune a kan kujera, hannunta a cinya. Ta rame. Yarinyar ta durƙusa a gabanta.

"Nan, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

"Ba ki sani ba. Amma yaron nan ya tambaye ki, ya sake tambaya. Me ya hana ki tsayawa?"

"Na ɗauka abin da littafi ya ce shi ne."

"Su ma abin da aka ce musu suka ɗauka."

Tsohuwar ta dube ta. Sannan ta tura mata kwandon zare da ƙafa.

"Ba da haƙuri da baki ba wuya. Ni hannu na rasa. Zauna ki ara mini naki."

Ta nuna mata yadda ake lanƙwasa waya, yadda ake naɗa zare, yadda ake ɗaura jan zane. Ta farko da yarinyar ta yi ta fito a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Bari in kwance," in ji ta.

"Bar shi. Jacinto ne wannan, dama ɗingishi yake yi. Mai kiwon zuma. Ban taɓa ganin marowaci irinsa ba. Ko lasa ba ya ba yaro."

"To mugu ne?"

"Marowaci dai. A ƙauyenmu akwai ɓarawon kaji, akwai mashayi, akwai ungozoma, akwai mai busa sarewa. Kamar ko'ina. Wanda ya yi laifi, laifinsa nasa ne. Ba na ɗan maƙwabcinsa ba ne. Ja zaren nan, ya yi sako-sako."

Daga ranar, in an tashi makaranta can take wucewa. Yatsunta suka yi kanta. Tsohuwar ba ta yaba mata ko sau ɗaya ba. Kullum faɗa: kai ya yi girma, zane ya yi gajere, wa ya taɓa haihuwar mutum marar wuya. Amma faɗan ya riƙa sa ta jin yunwa. Ta fara cin wake da waina, har tana neman ƙari.

Gaspar da farko daga nesa yake zama. Daga baya ya riƙa miƙo almakashi ba tare da magana ba. Ranar da yarinyar ta yi wata 'yar tsana mai hannu uku, dariya ta ƙwace masa.

"Wannan kuma waye a ƙauyen, Nan?"

"Wannan ba namu ba ne. Dangin yarinyar nan ne."

Su duka suka yi dariya.

Da aka kwance bandejin, yarinyar ta ce, "Nan, zan jefar da littafin nan."

"Don me? Ke ce mai ba da labari ko shi? Abin da ya faɗa daidai ki ɗauka. Wanda ya faɗa na banza ki ce masa a'a."

Gaspar ya sosa kai. "To Asabar akwai wasa?"

"In kana so. Amma na sa doka. Ba wanda za a taɓa sai an san abin da ya yi, shi kansa."

"Wilmer zai mutu da haushi."

Wilmer bai mutu ba. Ya zo da kunya, ya gai da tsohuwar, ya ba ta haƙuri. Ana shirin farawa sai Nan Petrona ta jawo kujerarta har bakin tebur.

"Ku matsa. Ni ma a ba ni jarumi."

"Wane iri, Nan? Mai takobi ko mai kibiya?"

"Tsohuwa mai alfadari da sanda. Ba ni abin jifan nan."

Ta jefa dayis da hannunta mai tabo. Ya tsaya a kan lamba mafi girma. Kafin yamma alfadarinta ya ceto jarumin Wilmer daga rami, ta kuma sa shi ya ce mata na gode a gaban kowa. Gaspar ya yi ta dariya, yana zaune kusa da abokiyarsa.

Yara, ku ji da kyau. Babu mutanen da aka haifa miyagu. Duk wanda ya ce muku wasu mutane gaba ɗayansu miyagu ne, ko a littafi, ko a fim, ko a wasa, ku tsaya ku tambaya. Me suka yi? Wa ya faɗa? Me zai samu in an yarda da shi? Kada ku ce wasa ne kawai. Maganar da baki ya saba da ita a wasa, wata rana zai faɗe ta a gaban mutum.