Jini A Filin Ƙwallon Gora

Ƙwas!

Har waɗanda ke zaune can kan katangar fili sun ji ƙarar da gorar ta yi a goshin Sadisu.

Zulaiha ba ta san lokacin da ta suri akwatin agaji ba. Ba ta jira usur ɗin alƙalin wasa ba, ta keta 'yan wasa da gudu, takalminta ɗaya ya fice ko waiwayensa ba ta yi ba.

"Sadisu! Wayyo na shiga uku... Sadisu buɗe idonka!"

Yana kwance rigingine, jini na ɓulɓula daga saman girarsa yana gangarawa cikin kunne. Ta durƙusa ta danna masa auduga.

Da ƙyar ya buɗe ido. "Zulai... ƙwallon ta shiga?"

"Ƙwallo? Kana cikin jini kana tambayar ƙwallo?"

"Ɗauke hannunki daga jikinsa."

Ko a mafarki ta san muryar. Ta ɗaga kai. Yayanta Mu'azu ne tsaye cikin jar rigar kwalejinsu ta Kaduna, gorar da ya yi dukan da ita tana hannunsa, alƙali na ɗaga masa jan kati shi kuwa ko kallonsa bai yi ba.

"Yaya, aikina nake yi..."

"Aikinki share jinin ɗan infoma? Jinin Baba wa ya share?"

Ya tofar da yawu gefe ya fice.

Wannan shi ne wasan farko a gasar ƙwallon gora ta manyan makarantu ta bana, kuma karon farko da kwalejin horar da malamai ta bakin garin Birnin Gwari ta shiga. Kocinsu Malam Abednego dattijo ne daga kudancin Kaduna, a hannun wasu fada-fada, limaman coci 'yan ƙasar Ireland, ya koyi riƙon gora yana yaro. Kullum sai ya ce a can ƙasarsu a iska ake dukan ƙwallon, mai tsoron haƙoransa ba ya shiga fili. Haka ya raini yaransa, ba tsoro ba ja da baya, kuma babu kamar kyaftin ɗinsu Sadisu ɗan ƙauyen Tabanni. Zulaiha 'yar aji biyu ce, ita da ƙawarta Gloria ke kula da masu rauni. A wajen ɗaure masa yatsu ne soyayya ta ƙullu.

Daminar bara 'yan bindiga suka harbe mahaifinta Malam Isiyaku a gonarsa ta Gayam. Ba a daɗe ba aka fara raɗe-raɗin wai kawun Sadisu ne ya nuna musu hanya. Babu wanda ya gani, babu wanda ya tabbatar. Amma magana idan ta shiga gidan makoki ba ta fita.

Aka cinye su Sadisu da ci biyu da ɗaya a ranar wasan.

Da ta koma gida Inna na zaune kan tabarma, Mu'azu na gefe yana kwance igiyar takalmi, ga Naziru ɗan maƙwabtansu, mai tsaron ragar su Sadisu, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Naziru ya riga kowa cewa yana son Zulaiha, ita ce ta ce ya yi haƙuri.

"Zo nan," in ji Inna. "A gaban jama'a kika rungume kan ɗan gidan da suka maishe ki marainiya?"

"Inna wallahi ba shi da hannu! Shi ma an kore musu shanu, an ƙone musu rumbu..."

"Rufe min baki! In dai ni na haife ki, ki fita harkar yaron nan."

Naziru ya yi gyaran murya. "Inna a bi ta a hankali, yarinta ce. Ni dai abin da ke damuna, yawan shigarsa dajin nan. Amma Allah ya sa alheri ne."

Mu'azu ya tsaya da kwance igiyar. "Daji?"

"Ni ban ce komai ba fa, Yaya."

Zulaiha ta dube shi, ta ji kamar ta shaƙe shi. Ta san abin da ke kai Sadisu bakin daji. Kwalejin ba ta da gorar atisaye, 'yan waɗanda ake da su duk sun tsage. Shi ne yake zuwa ya saro rassan marke masu lanƙwasa, irin na ƙotar fartanya, ya sassaƙe su a ɗakinsa ya ce wa Koci wurin kafinta ya samo, don Koci ya hana kowa kusantar dajin. Ta faɗa musu haka. Inna ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mu'azu ya yi tsaki, washegari ya koma Kaduna.

Gasa ta ci gaba. Sadisu ya dawo fili da ɗinki a gira, suka lallasa 'yan Zariya a gida. Suka tafi Kontagora cikin rakiyar sojoji, kowa ya yi shiru a mota har aka wuce inda ake tare hanya, suka ciwo wasa suka dawo. A wasan kusa da na ƙarshe aka karya wa ɗan bayansu haƙora biyu, aka yi ta dambe har sai da 'yan sanda suka shiga tsakani, duk da haka Sadisu ya zura ƙwallo ana dab da tashi. Garin da ya saba jin ƙarar bindiga, ranar kalangu ya kwana ji.

Wasan ƙarshe ya faɗo tsakaninsu da kwalejin Mu'azu.

Bayan atisaye Zulaiha ta sami Sadisu zaune ƙarƙashin mangwaron bakin fili yana goge zufa.

"Ranki ya daɗe likitata. Yau ba ni da ciwo, amma ki duba ni."

Ba ta yi dariya ba. "Don Allah masoyi, kada ka sake shiga dajin nan. Gabana faɗuwa yake yi."

"Sau ɗaya ya rage, Zulaina. Gora huɗu sun karye jiya, da me yaran za su yi atisaye? Da cokali?"

"Naziru na bibiyarka..."

"Naziru ɗan'uwana ne a fili, ni nake tare masa gaba. Ki kwantar da hankalinki abar ƙaunata. Mu ɗauko kofin nan, in sa manyana su je gaban Inna. In ta kore su su koma, in ta sake kora su sake komawa."

"In Yaya ya sake fasa maka kai fa?"

"Ai ina da mai ɗinkewa."

Ta kai masa dukan wasa da gefen hijabi, hawaye na zubo mata tana murmushi.

Ranar kasuwa da hantsi tana wanki a ɗakin kwanan ɗalibai, Gloria ta faɗo ba ko sallama, numfashinta sama-sama.

"Zulaiha tashi! Sun kama Sadisu a tasha! 'Yan sa-kai... wai akwai bidiyonsa yana fitowa daga daji da buhu... yayanki ma ya zo daga Kaduna, yana wurin!"

Kumfar sabulu na hannunta ta fita.

Tun daga nesa take jin ihu. "Infoma! Infoma! A kashe shi!" Babur ɗinsa na yashe a kwata, buhun na ɗaure a bayansa, babu wanda ya damu ya kwance. Mutane sun yi da'ira, masu sanduna, masu duwatsu, masu bel. Bakoji shugaban 'yan sa-kai na tsaye da bindigar toka a kafaɗa yana cewa a dakata a tambaye shi, amma muryarsa ta nutse.

Ta kutsa. Aka ture ta, ta faɗi, ta tashi ta sake kutsawa.

Sai ga Sadisu yashe a ƙasa. Rigarsa ta yage, bakinsa ya fashe, gefen fuskarsa na hagu ya kumbura ba a ko gane ido. Yana ƙoƙarin ɗaga hannu, wani ya take hannun da takalmi.

"Ku... ku buɗe buhun..." yake cewa.

"A kawo taya!" wani ya yi ihu. "Wa ke da fetur?"

Sai ga Mu'azu ya ratso, idanunsa jajur, riƙe da taɓaryar da ya fizga a wurin mai waina.

"Ku matsa! Ni aka kashe wa uba, ni zan gama da shi!"

Ya ɗaga taɓaryar da hannu biyu.

Zulaiha ta faɗa kan Sadisu, ta rufe kansa da jikinta, ta ɗaga hannun dama.

Ƙarar karyewar ƙashin ta fi ihun mutane.

Ta ƙwalla ƙara ɗaya, sannan wurin ya yi tsit. Hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ba ta tashi daga kansa ba.

"Ƙarasa, Yaya..." ta ce, muryarta na fita da ƙyar. "Ƙarasa mu duka... ka je ka gaya wa Inna ka rama wa Baba."

Taɓaryar ta suɓuce daga hannunsa.

"Zulai... Zulaiha... ban gan ki ba... wallahi ban gan ki ba!"

Daidai nan Malam Abednego ya iso, Gloria na bayansa. Ya sauka cikin kwatar da takalminsa, ya karɓi wuƙa a hannun mai rake, ya farke buhun ya zazzage a tsakar titi.

Rassan marke ne, ɗanyu, da ɗan gizago.

"Ga bindigogin," in ji dattijon. "Ku ɗiba! Wannan yaron da kuka yi wa kiɗa makon jiya, shi ne wannan. Ku ɗiba mana!"

Babu wanda ya motsa. Na bayan suka fara sulalewa. Mai riƙe da galan ɗin fetur ya ajiye a hankali kamar ba nasa ba.

Bakoji ya juyo kan Mu'azu. "Kai ka kawo mana bidiyon nan. Wa ya ba ka?"

Mu'azu na durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Naziru..."

Aka duba ko'ina, babu Naziru. An ce an gan shi ya hau motar Funtuwa tun ana fara dukan, kuma har yau bai sake taka garin ba.

A Kaduna aka kwantar da su, ita a ɓangaren mata shi a na maza. Haƙarƙarinsa uku sun karye. Idon hagu likitoci suka ce sai haƙuri. Aka buga wasan ƙarshe babu kyaftin babu mai tsaron raga, aka yi wa 'yan Birnin Gwari ruwan ƙwallaye. Mu'azu bai buga ba, ko filin bai je ba. Kullum yana zaune a barandar asibiti, in ya leƙo ɗakinta sai ta juya fuska bango.

Ranar da ta iya tafiya, Gloria ta riƙe ta har bakin gadonsa. Ya juyo da rabin fuskar da babu bandeji.

"An cinye mu ko?"

"An cinye ku."

"Zulai, ki saurare ni. Ke yarinya ce kyakkyawa, ga karatu. Me za ki yi da mai ido ɗaya?"

"Kai me za ka yi da mai karkataccen hannu? Likita ya ce ba zai miƙe kamar da ba."

"Ni ɗayan ya ishe ni kallonki..."

"To ni ma ɗayan ya ishe ni tuƙa maka tuwo. Kada ka sake yi min irin wannan maganar, ka ji ko?"

Hawaye ya gangaro daga idon da ya rage.

Ba su ji shigowar Inna ba. Tana tsaye da kwanon kunu a hannu, ta daɗe tana kallon fuskar yaron. Sannan ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa dirshan.

"Ɗan nan... ban san da bakin da zan roƙe ka ba."

"Haba Inna, tashi don Allah. Ciwon rashin Baba ne, na sani."

"Ka gaya wa manyanka su zo," ta ce, ta rufe fuska da mayafi.

Sadisu ya yafe wa Mu'azu tun yana gadon asibiti. Zulaiha ce ta kasa. Ta koma gida, ta koma makaranta, aka kawo gaisuwa, aka sa rana, duk ba ta ce masa uffan ba. In ya shigo ta fita. In ya yi mata sannu ta dubi ƙasa. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, Sadisu ma ya roƙa, ta ce su bar ta, in ta buɗe baki kuka ne zai fito ko zagi.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da rana tsaka aka ɗauki amarya, don babu mai bin hanyar Tabanni bayan la'asar. Direban da aka yi alkawari da shi ya ce shi ba zai shiga ba, sai Mu'azu ya karɓi makullin.

Tana baya a lulluɓe tsakanin Gloria da gwaggonta. Ta cikin mayafin tana ganin idonsa a madubi, yana kai kallo kan hannun da ta ɗora a cinya, lalle ya yi masa kyau amma a karkace yake, sai ya yi maza ya kawar. Sau biyu motar na neman sauka hanya. Ya goge ido da hannun riga, ya sake gogewa.

Gwaggo ta fara salati.

Zulaiha ta ɗan ɗaga mayafin.

"Yaya."

Ya taka birki har suka yi gaba.

"Na'am... na'am Zulai?"

"Ka daina kukan nan ka dubi hanya. So kake ka kai masa ni da ɗayan ma a karye?"

Ya kifa kai a sitiyari, kuka da dariya suka haɗe masa. Motocin baya suka dame su da oda. Ta miƙa hannun hagu ta dafa kafaɗarsa.

"Mu je, Yaya. Yana jirana."