Jan Ganyen Gayaunar Tasalla

A kasuwar Batsari Tasalla ta fara ganinsa, zamanin da Baturen gona ke zagayen ƙauyuka a kan doki. Armaya'u ne, ɗan Safana, wanda ya taɓa aikin lambu a gidan wani Bature a Katsina. Kowa abin ci yake sayarwa, shi kuwa tsirrai ya jera a kasko, ganyensu ja da rawaya kamar an rina.

"Ana miya da shi?" ta tambaya.

"Ba a yi."

"To mene ne amfaninsa?"

"Ga shi ya tsayar da ke."

Ta rufe fuska da mayafi, amma da kasko ɗaya ta koma gida.

Ta dasa shi kusa da kuɓewa a gayaunarta, ɗan filin da mahaifinta Malam Badaru ya yanka mata a lambunsa na fadama. Armaya'u ya riƙa kawo ƙari, har jan ganye ya zagaye lambun duka. Kafin wata guda ƙwari suka cika wurin: ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, har da fara.

Malam Badaru ya fusata. "Yaron nan ƙwari ya gayyato mini! Mai noman abin da ba a ci, da me zai ciyar da ke? Ga Muntaka mahauci kullum yana aiko gaisuwa."

Ya tumɓuke na ɓangarensa kaf. Da ya nufo gayauna, Tasalla ta sha gabansa.

"Baba, da bakinka ka ce nan nawa ne."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma ba za a cire ba."

"To, bar shi. Ranar da kuɓewarki ta lalace, kada in ƙara jin sunan yaron nan."

Takarda ta zo daga Safana, da ajami: "Tasallata, kada ki kori ƙwarin. Jan ganyen fara ke so, za ta bar miki kuɓewa. Ni ma tunda na sauka wajenki ban ƙara ganin kowa ba."

Haka kuwa aka yi. Fara ta cinye kuɓewar Malam Badaru sai kara. Ta Tasalla ta yi 'ya'ya jingim, jan ganyen ne kawai ya zama kamar rariya.

Tsohon ya daɗe yana jujjuya ganye ɗaya a hannu.

"Ki ce ya turo magabatansa." Ya yi gyaran murya. "Kuma ya taho mini da kasko goma."

Kafin damina ta faɗi aka ɗaura aure. Malam Badaru ya sa musu albarka da laka a hannunsa, don daga wajen dashe aka kira shi. Allah ya ba su zaman lafiya, amin.