Tattaki a Bakin Kanal

Maimunatu na zaune a bakin gado tana fama da igiyar takalmin kambas, hannunta na hagu ya ƙi ɗaguwa. Mijinta Hayatu ya durƙusa ya karɓi igiyar ya ɗaure mata.

"Dakta, yau kam ka yi man ahuwa," ta ce. "Jikina kamar an daka shi ga turmi."

"Sori, Munari. Bakin kanal kawai, in kin gaji mu zamna."

"Kullum haka kaka hwaɗi, kuma ba ka taɓa bari na zamna ba!"

Suka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Hayatu ɗan gidan malamai ne a Bakura, lakcara a jami'a. Bincikensa ɗaya ne tun yana ɗalibi: ko motsa jiki na ƙara wa garkuwar jiki ƙarfin yaƙi da sankara, wadda mutane ke kira ciwon daji. Ya yi shekaru yana ɗibar jinin manoma da na masu zaman shago yana gwadawa, abokan aikinsa na tsokanarsa da "likitan yawo". Bai taɓa zaton ciwon da yake karantawa a takarda zai shigo masa har ɗaki ba, sai da wani ƙullutu ya fito a maman matarsa. A babban asibiti aka fara mata allurai, aka sa ranar tiyata. Shi kuma ya ɗauki hutu ya dawo da ita Bakura, kullum da sassafe su yi tattaki a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam ɗin Bakolori, yana riƙe da tsintsiyar hannunta yana duban agogo.

Ba su kai ga fita ba suka ji tsayuwar mota, sai sallama mai ƙarfi daga zaure. Alhaji Bube ne, mahaifin Maimunatu, babban falken shanu, tare da ɗansa Ɗan Juma. Hayatu ya san ba lafiya ba, don suruki ba ya tako gidan surukinsa da sassafe sai da magana.

Ya zube ƙasa. "Baba, ina kwana? An zo lahiya? Ina gajiya, ina mutanen..."

"Riƙe gaisuwarka!" Alhaji ya katse shi. "Ranar Talata ina tsakiyar kara wurin cinikin shanu anka zo anka ce man kana jan ɗiyata bisa hanya kamar akuyar saidawa. Mai ciwo! Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Baba, tattakin ba magani ba ne, ban taɓa cewa magani ne ba. Yana dai taimakon jikinta ya jure ma allurar..."

"Allura!" Ɗan Juma ya dafe kai. "Baba, ka ji ko? Wa ya taɓa sa ma daji ƙarhe? Kowa ya san da allura ta taɓa shi sai ya haukace ya watsu. Risac ɗinai, binciken nan nai na boko, kawai yaka yi da ita!"

Alhaji ya nuna Hayatu da sanda. "Na san irinku masu awo. Haka sunka zo Maradun da igiya da tabarau, sunka auna gonar ubana, yau tana ƙarƙashin ruwan dam da kushewar uwata a ciki. Na rantse ƙahwata ba ta taka bakin kanal ɗinga har in mutu. Yanzu kuma ɗiyar da ta ci sunan uwata kaka aunawa da agogo? Sake ta!"

"Baba, ka yi man komi, amma wannan kam ba ni iyawa."

Maimunatu ta fito tana dafa bango, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta dubi ubanta, ta dubi mijinta. "Dakta, don Allah kar ka yi jayayya da Baba. Bari in bi shi. In ya huce ka zo ka ɗauke ni."

"Munari, tiyatar fa?"

Ta juya wajen ubanta. Ɗan Juma ya cire mata kambas ɗin ya jefar a tsakar gida, suka sa ta a mota.

A Maradun an yi mata gata irin wanda suka sani, kuma wallahi da ƙauna aka yi shi. Aka kwantar da ita a ɗakin mahaifiyarta, aka rufe taga, aka hana ta ɗaga ko cokali. Romo safe da yamma, ga jiƙe-jiƙe, ga wani baƙin ƙulli da ake shafa wa ciwon. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba, ya ce ai haka ake jinya.

Hayatu kuwa duk Juma'a sai ya hau babur ya zo, da kambas ɗin a cikin jaka. Ba a ba shi tabarma, ba a ce masa shigo. Ya zauna a dakalin ƙofar gida har la'asar, ya tashi ya koma. Ranar tiyata ta zo ta wuce yana kan dakalin nan. Wata jami'a a ƙasar waje ta kira shi ya je ya ƙarasa bincikensa, damar da ya yi shekaru yana nema, ya ce a ba wani. 'Yan uwansa suka ce ya kai ƙara wurin alƙali, ya ƙi, don ya san Maimunatu ba za ta yafe wa kanta ba in aka tsayar da ubanta a kotu saboda ita. Damina ta shiga ta fita, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Yana shiga gida ya ji faɗuwar abu a ɗaki. Ya ɗaga labule, wari ya buge shi, irin warin da duk wanda ya yi zama da mahauta ya san ma'anarsa. Maimunatu ce a ƙasa. Ta yi yunƙurin zuwa banɗaki ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, sun zama kamar sillen kara.

"Uwata! Mi ya kai ki tashi? Koma ki kwanta!"

"Baba," ta ce da ƙyar, "sadda kaka kora shanu zuwa kudu, in saniya ta kwanta bisa hanya, mi kaka yi mata?"

"Tashe ta nika yi. Ko da jan wutsiya."

"In ka bar ta kwance fa?"

Alhaji ya san amsar: wuƙa ake nema kafin ta zama mushe.

"To ni Dakta yana tashe ni, ku kun kwantar da ni. Ban son in mutu ga tabarmar ga, Baba."

Tsohon da ko ranar da ruwa ya ci gonarsa ba a ga hawayensa ba, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya fito ba hula, ya tsaya a gaban dakali. "Hayatu, tashi ka ɗauki matarka. Ku tahi asibiti, a yi mata allurar, a yi komi."

Sai dai jinkirin ya riga ya yi ɓarna. Ciwon ya kai hammata. Aka cire maman gaba ɗaya, hannun hagu ya kumbura bai sake komawa daidai ba, likitoci suka ce ta cire rai da haihuwa, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin shekaru. Amma ta tashi. Hayatu ya koma bincikensa, kuma daga baya matan da aka yi wa irin wannan aiki suka riƙa zuwa Bakura yana koya musu tattaki.

Ƙauna ba ta hana mutum cutar da nasa in ya ƙi sauraron wanda ya sani, kuma haƙurin Hayatu ne ya bar ƙofar gyara a buɗe. Da ya yi zuciya ya sake ta, da a ɗakin nan mai duhu za a yi mata wanka.

Ranar da za ta fara fita bayan sallama daga asibiti, suna isa bakin kanal suka tarar da Alhaji Bube tsaye a gefen hanya, yana kallon ruwan da ya cinye masa gona.

"Baba, rantsuwarka fa?" Maimunatu ta tambaya.

"Na yi kaffara jiya." Ya ɗaga ƙafa ya hau gaɓar, ya miƙa mata hannu. "Hayatu, kai riƙe agogonka. Uwata, taho, a hankali."