Waɗanda Suka Riga Motoci Hawa Gada

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da oga ya tuna da noti ɗaya da ba a ɗaure ba.

Ma'aikata sun riga sun wanke hannu, wasu har sun haye bayan mota. Tun da ambaliya ta yi awon gaba da tsohuwar gada suke bakin kogin nan, suna harhaɗa ta wucin gadi, ta ƙarfe, ana turo ta gaɓa-gaɓa daga tsallaken nan da tsallaken can. Yau ta haɗe a tsakiya. Gobe da safe injiniya zai zo ya duba, in ya gamsu a janye shinge. Tireloli da tankokin mai sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi sun gaji da zagi sun koma roƙo.

"Na mahaɗar tsakiya ne, ta ƙasa," in ji oga. "In injiniya ya same shi a sake, wallahi sai ya hana buɗewa. Wa zai sauka?"

Kowa ya juya ya kalli Jemage. Shi ne mai aikin ƙarƙashin gada, kuma daga nan ya samo laƙabin, don kullum a rataye ake ganinsa, wani lokacin ma kai a ƙasa. Bai jira an roƙe shi ba, ya ɗauki sifana da guduma. Duk wurin babu wanda ya kai shi matsuwa da a buɗe hanyar nan. Mahaifiyarsa na tsallake a kwance, ciwo ya ci ƙarfinta har ta daina magana, asibiti kuma yana wannan gefen. Masu kwalekwale sun ce ba za su ɗauki marar lafiya a kwance cikin wannan ruwa ba.

Ƙanin matarsa ne ya raka shi, wanda ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa. Shi ke kula da igiya da janareto. Sauran suka tafi masauki.

"Yaya, in ka faɗa ruwa me zan ce wa yayata?" in ji Rediyo, suna tafe a kan gadar.

"Ka ce mata na huta da surutunka."

"Ai ko kifi ba zai so ka ba. Ƙashi ne zalla, sai warin giris."

A tsakiyar gada suka ɗage faranti ɗaya na daɓen ƙarfe. Jemage ya ɗaura bel a ƙugu, ya shiga kwandon ƙarfen da ake zura shi a ciki, Rediyo ya sassauta igiya a hankali har ya daidaita da mahaɗar. Ya zuro masa ƙwan lantarki a bakin waya. Can ƙasa kogi na gudu, ja wur da laka, yana jan rassan itatuwa. Kwaɗi sun cika gaɓa da kuka. Daga sama Rediyo ya kama labarin wata mai sayar da lemo da ta yi masa murmushi.

Jemage ya sami ƙusar, mai kaurin damtse, notinta na lilo a baki. Ya shafa giris, ya kafa sifana.

Sai janareto ya yi tari, ya mutu.

"Kash! Mai ne ya ƙare. Yaya, na ɗaure igiyar, yanzu zan dawo."

Ya ji takun takalminsa yana nisa a kan ƙarfe, har ya ɓace. Sauran hasken magariba ne kawai ke shigowa ta tsagogin daɓen, sirara-sirara.

Kwaɗi suka yi shiru. Ba ɗaya bayan ɗaya ba, gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi.

Jemage ya leƙa ƙasa. Ruwa na nan yana gudu, rassa na juyawa, amma babu ƙara ko kaɗan. Yana jin numfashinsa, yana jin igiya tana ɗan kuka, ban da wannan babu komai. Tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, sifana ta suɓuce.

Ya kasa kunne ya ji faɗawarta cikin ruwa.

Bai ji ba.

Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba, haɗe da ruɓaɓɓiyar ciyawa da jiƙaƙƙen toka. Sanyi ya ratso ta ƙasan kwandon ya kama masa ƙafafu. Sannan wani abu ya taɓa masa gwiwa.

Sifanarsa ce. Ana miƙo masa ita ta bakin kwandon, mariƙi a gaba, yadda ma'aikaci ke miƙa wa ɗan'uwansa. Tsakanin kwandon da ruwa kuwa babu komai sai iska, tsayin gidan bene. Hannun da ke riƙe da ita fari ne fat, ya yamutse kamar wanda ya kwana a ruwa, yatsun dogaye, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Jemage bai yarda idonsa ya wuce wuyan hannun ba.

"Karɓi," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa. "Ɗaure da kyau. Muna da yawa."

Ya karɓa. Ƙarfen kamar ƙanƙara.

Daga can tsallaken, inda aka gindaya shinge da ganguna, ya ji an hau gada.

Caɓ. Caɓ. Caɓ.

Ƙafa ce babu takalmi, a jiƙe. Wata ta biyo ta, wata ta biyo wannan, kafin ya haɗiye yawu sun cika gadar daga gefe zuwa gefe. Akwai kofato a ciki. Akwai abin da ake ja a ƙasa. Babu mai magana, babu mai tari, ko kukan yaro babu. Ruwa ya fara ɗiga ta tsagogi, mai sanyi, yana sauka masa a wuya.

Ya ɗaga kai sau ɗaya. Ta tsaga ya ga tafukan ƙafafu suna wucewa. Tafiyar ta nufo wannan gefen, yatsun kuwa suna kallon inda aka baro.

Gadar ta yi nishi. Jemage ya san kukan ƙarfe, ya sha tsayawa a ƙarƙashin gada tirela na wucewa da lodin siminti, amma bai taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan kuka ba. Mahaɗar da ke gabansa ta fara buɗe baki. Ƙusar tana zamewa baya, sannu-sannu. In ta fita, gadar za ta rabe biyu, shi yana ƙarƙashi, gobe kuma babu motar da za ta ɗauko Inna.

Ya ɗaga guduma ya maka. Ya sake makawa. Ƙusar ta koma. Ya kafa sifana ya murɗa, sai noti da ƙusa suka juya tare. Dole sai wani ya riƙe kan ƙusar ta ɗaya ɓangaren, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Dogayen yatsun nan suka lallaɓo ta bayan ƙarfe, suka damƙe kan ƙusar.

"Murɗa."

Ya murɗa. Hawaye da gumi na shiga masa baki. Ya murɗa har kafaɗarsa ta yi ƙara, har bakin mahaɗar ya rufe, har sifana ta ƙi motsi.

"Ya ɗauru," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Ya ɗauru," aka maimaita. Aka yi 'yar dariya mai kama da ruwa a maƙogwaro. "To taho. Irin hannunka muke nema."

Bel ɗin ƙugunsa ya kwance da kansa.

Kwandon ya yi ƙasa, ya tsaya. Ya sake yin ƙasa. Wani yana warware ƙullin igiya a sama.

Jemage ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Yatsun suka zagaye masa idon sawu. Sanyin ya haura har cikinsa.

A cikin wannan caɓ-caɓ ɗin da ke kansa ya tsinkayi wani taku daban.

Ƙwas. Shuuu. Ƙwas. Shuuu.

Sanda ce, sai ƙafar hagu da ake ja. Takun da ya tashi yana ji a tsakar gidansu, tun da ƙafar ta shanye. Ko cikin kasuwa zai gane shi.

Takun ya zo daidai kansa ya tsaya.

"Inna?" Iska ce kawai ta fito daga bakinsa.

"Sakar min yaro," in ji muryar mahaifiyarsa, a sarari, da ƙarfin da ta daɗe ba ta da shi.

"Wuce, tsohuwa," aka ce daga ƙasa. "Kin tare hanya."

"Babu inda za ni. Sake shi."

Duk takun ya tsaya cak. Nauyin ya taru wuri ɗaya, gadar tana rawa. Sai sandar ta daki ƙarfe, ƙau, ƙarar ta bi gadar daga wannan baki zuwa wancan.

Yatsun suka sassauta.

Jemage ya yi tsalle ya cafki ƙarfen da ke samansa. Kwandon ya tsinke daga ƙarƙashinsa ya tafi. Ya yi lilo da hannu biyu, ya maƙale ƙafa, ya ja jikinsa ta ramin farantin ya faɗo kan gada. Ya runtse ido gam. Bai miƙe ba, rarrafe ya kama, gwiwa da tafi cikin laka mai sanyi. Abubuwa na goga masa fuska da kafaɗu kamar jiƙaƙƙun zannuwa a kan igiyar shanya. Wani ya taka masa yatsa. Bai buɗe ido ba.

Can ya ji kwandon ya faɗa ruwa, tsundum.

Ƙarar kogi ta dawo gaba ɗaya. Kwaɗi suka ɓarke da kuka. Janareto ya tashi.

"Yaya! Yaya, lafiya? Ina kwandon?"

Rediyo ne a kansa da jarka a hannu. Ya rantse yanzun nan ya bar shi, mai kawai ya zuba, kuma bai ga kowa a kan gada ba. Yana cikin rantsuwar ya haska tocila a daɓen. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba ranar, amma gadar ta shafe da laka tun daga wancan baki har wannan, sawu a kan sawu. Rediyo ya kashe tocilar. Suka kama hanyar masauki.

Jemage ya kira ƙanwarsa da ke jinyar Inna a waya.

"Yaya, da yanzu zan kira ka," ta ce tana kuka. "Da magariba jikinta ya yi sanyi ƙalau, na ɗauka ta cika. Sai ga numfashi ya dawo. Amma Yaya, ƙafafunta duk laka. Ko ƙofar ɗaki ba ta taka ba."

Da safe injiniya ya duba ya sa a janye shinge. Motar asibiti aka fara bari ta wuce, Jemage na ciki. Suka ɗauko Inna a kwance, idonta a rufe, ya zauna kusa da ita yana riƙe da hannunta. Da suka kai tsakiyar gada a dawowa, yatsunta suka matse nasa. Ta buɗe ido.

"Ka ce wa direba ya tafi a hankali," ta ce. "Akwai na baya da ba su gama wucewa ba."

Ƙanwarsa ta toshe baki. Rabon da a ji maganar Inna tun kafin tsohuwar gada ta karye.

"Inna, ke ce jiya?"

"Ta ƙofar ɗakina suka bi, suka ce in taso, na taso. Jikina sakayau, babu ciwo ko ɗaya. Da na bi su. Sai na ji ka a ƙasa." Ta maida numfashi, sannan ta jawo kansa kusa da bakinta. "Na ƙasan nan ya biyo ni har gida. Ya ce in gaya maka aikinka ya yi kyau. Ya ce kogunan da ke gabansu suna da yawa."

Inna ta warware, ta koma ɗakinta da sandarta, ba ta kuma ƙara ɗaga maganar ba ko an tambaye ta. Gadar wucin gadi ta ɗauki motoci har aka gina ta siminti, ba ta taɓa ko motsi ba. Da aka zo kwance ta, duk notinan suka fita ban da na tsakiya, sai da aka yanka shi da wuta.

Jemage kuwa bai sake shiga ƙarƙashin gada ba. Ya buɗe ɗan shagon walda a cikin gari, nesa da ruwa, yana haɗa ƙofofi da tagogi, kuma tun la'asar sakaliya yake rufewa. Amma duk daminar da ruwa ya karya wata gada, ko a wace ƙasa ce, yakan riga masu labarai sani. In ya zo buɗe shago da safe sai ya tarar da kwaɗon ƙofar a jiƙe, da laka a bakin dakali, inda wani ya daɗe a tsaye yana jira.