Hulunan Malam Zailani

A wata unguwa cikin garin Daura akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai son babanta kamar me. Baban, Malam Zailani, wankin hula ne sana'arsa. Gwanintarsa kuwa sai wanda ya gani. Ka kawo masa hula duk ta yamutse, ta yi baƙi da maiƙo. Zai wanke ta, ya sa mata sitaci, ya kafa ta a kan katako ta sha rana. In ka zo karɓa sai ka yi ta juya ta kana tambaya ko taka ce.

Ana nan sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi masa aiki a Kano, ya shafe wata takwas yana karɓar magani. Ya rame ƙwarai. Yarinyar ta sha kuka a ɓoye.

Allah ya ba shi lafiya. Likita ya ce ya koma sana'arsa, amma ya riƙa hutawa, ya kuma riƙa zuwa ana duba shi. Sai ya bar rumfarsa ta kasuwa, ya dawo da kayan aikinsa tsakar gida.

To, baƙon namiji ba ya shiga gidan matan aure, kuma gidan nasu da zurfi. Masu kawo huluna sai su tsaya a ƙofar zaure su yi sallama. Yarinyar ce ke zama a zauren da yamma tana aikin makaranta, ita ke kai saƙo ciki.

Ran nan ta ga babanta ya ɗago daga bahon wanki da ƙyar, yana dafe da ƙugu. Ta ce a ranta, "Aikin nan ne zai mayar da shi asibiti."

Da la'asar sai ga Alhaji Sha'aban, wani mai fataucin shanu daga Baure, da huluna cike da leda.

"'Yammata, ki ce ana sallama da Malam."

Ta shiga, ta laɓe a bayan ƙofa, ta dawo. "Alhaji, Baba ba shi da lafiya. Ya ce ya daina karɓar aiki."

"Ayya! Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe shi."

Haka ta yi ta mayar da mutane har sati uku. Ita a ganinta ta zama likitar gidan, ba allura, ba takardar shaida.

Katakan hula suka zauna a jere ba komai a kansu. Malam Zailani ya daina raha. Tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Wata safiya yarinyar tana shirin makaranta ta ji yana ce wa Ummanta, "Mutane sun gama da ni. Gani suke wanda ya yi ciwon daji ba ya sake moruwa. Gobe Hafizu, abokin sana'ata, zai zo ya kwashe katakan nan, sayar masa zan yi."

Jakar makarantarta ta faɗi daga hannunta. Ta durƙusa tana kuka. "Baba, ba su guje ka ba. Ni ce nake korar su. Tsoro nake ji kada ka sake kwanciya."

Umma ta yi salati. Baban ya ce, "Uwata, matso nan. Na san tausayi ne. Amma kin yi ƙarya da sunana. Da nake kwance a asibiti, babban abin da nake roƙon Allah shi ne ya tashe ni in ci da ku da hannuna. In na gaji, ni zan faɗa da bakina."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Amma bakin da ya kore su shi zai kira su."

Haka aka yi. Ta bi gida gida tana faɗin gaskiya, kunya kamar ta nutse a ƙasa. Wasu sun riga sun sami wani mai wankin, ba su dawo ba, kuma abin ya yi mata ciwo. Alhaji Sha'aban kuwa ta waya ta ba shi haƙuri.

Ya yi dariya. "Ashe ke ce kika sa na je ɗaurin aure da hula kamar saniya ta taka? Ki ce wa Malam ina nan tafe gobe."

Yau shekara bakwai ke nan. Malam Zailani yana nan yana aikinsa. Yakan huta da azahar, ba ya fashin ganin likita, kuma da guminsa ya kai yarinyar har sakandare.

Ita kuwa ta riƙe darasinta: wanda ya tashi daga ciwo yana da ikon komawa aikinsa. In kana son taimakonsa, tambaye shi abin da yake bukata. Ƙarya kuma, ko ta tausayi ce, cutarwa take yi.