Sau Uku Ta Mutu a Hanyar Khaddamari

Rana ta take tsaka, irin ranar Maiduguri mai narkar da kwalta, amma Safinatu tana nan tsaye a ƙofar garejin kamfanin dillancin motoci, hannu ɗaya a kan ƙarfen ƙofa, ɗayan riƙe da 'yarta Nasiha mai shekara biyar. Tun safe maigadi ya shaida mata an ba shi umarni kada ya bar ta ta shiga. Daga inda take tana hango motar can ƙarshen fili a tsakanin matattun motoci, ta yi butu-butu, tayoyinta sun sace. Doguwar farar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan murhu da makewayi, har labulen atamfar da Safinatu ta ɗinka da hannunta yana nan rataye a taga.

"Mama, ga gidanmu can," in ji Nasiha tana nuni da yatsa. "Yaushe za su ba mu?"

Safinatu ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya riga maganar fitowa. Ta ja gefen lafayarta ta rufe fuska, ita kaɗai ta san abin da ke cin zuciyarta... Wayyo duniya!

Safinatu marainiya ce tun tana goye, a hannun makwabta ta tashi, ba ta san daɗin a ce wannan naka ne ba sai da ta auri Habib, dillalin shanu, mutum mai fara'a da sanyin hali. Shi ya sayi motar a wannan kamfani don yawon kasuwannin dabbobi, ya kuma koya mata tuƙi yana tsokanarta cewa ta fi shi iya kwana. Da ambaliya ta cinye gidansu na Maisandari, ba su tsira da komai ba sai motar. Ita ta zama ɗakin kwanansu, ita ce kicin, ita ce falo. A makon ne Habib ya sa aka mayar da takardunta da sunan Safinatu. "Ko ba na nan, ke da Nasiha ba za ku kwana a titi ba," ya ce. Ashe wasiyya yake yi.

Yayan Habib, Suleiman, shi ne shugaban makanikan garejin. Tun ranar da aka sayi motar idonsa ke kanta, kullum zancensa ɗaya, wai ta fi ƙarfin mai bin shanu, a sayar kawai. Da lokacin duba ta ya yi, ya ce famfon da ke jan mai daga tanki ya tsufa, aka sauke tanki aka sa sabo. To daga nan fa motar ta rikice! Tana cikin tafiya lafiya sai ta shaƙe, ta yi tari, ta mutu. A jira minti goma, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Sau huɗu Habib yana mayar da ita gareji, sau huɗu Suleiman yana duba ta sama-sama ya ce, "Man da kuke sha ne ba kyau. Na gaya maka ka rabu da ita, ka ƙi."

Ranar da abin ya faru suna Khaddamari. Da safe sun tarar da layi ya yi tsawo a gidan mai, Safinatu ta sayi jarka biyu a wurin 'yan bumburutu ta zuba. Bayan azahar wani bijimi ya tsinke igiya ya soki Habib a cinya, jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Aka ɗaure wurin da rawani, aka kwantar da shi a gadon motar, ta kama sitiyari ta nufo gari. Ba su yi nisa ba motar ta mutu. Safinatu ta jira, motar ta tashi. Aka ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa. Da ma ta mutu gaba ɗaya tun farko, da Safinatu ta tare wata motar, amma duk sanda ta fid da rai sai injin ya amsa, ya sake yaudararta. A karo na uku, gindin wata darbejiya, ta ƙi tashi sam. Safinatu ta fito tsakiyar titi ba mayafi tana ihu, har wani mai a-kori-kura ya tsaya. Kafin su isa asibiti hannun Habib ya saki nata. Likita ya girgiza kai ya ce da an kawo shi rabin awa kafin haka, da akwai abin yi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ko sadakar uku ba a yi ba Suleiman ya sa aka janyo motar zuwa gareji. A gaban 'yan zaman makoki a gidansu na Limanti ya tsaya ya ce ya duba, gurɓataccen man da matar nan ta saya don son araha shi ya kashe motar, shi ya kashe ƙaninsa. Mahaifiyarsu, Hajja Zaratu, ta ɗago jajayen idanu ta dubi surukarta.

"Ashe ke ce? Saboda 'yan canjin da za ki rage kika kashe min ɗa?"

"Hajja, wallahi tun kafin ranar motar take mutuwa, shi kansa marigayi..."

"Rufe min baki! Kada ki ƙara kama sunansa a gidan nan!"

A ɗakin ajiyar buhuna ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma, ita da Nasiha a tabarma ɗaya. In an dafa abinci ƙanzo ne rabonsu. Matan unguwa in sun shigo gaisuwa sai su leƙa ta su yi tsaki su wuce. Duk wannan bai kai abin da ke damunta ba, domin ita kanta ta fara tambayar kanta: shin ko da gaske ni ce? Ai ni na zuba man da hannuna... Sai ta kai goshi ƙasa tana kuka. "Ya Allah, in ni ce ka yafe min. In ba ni ba ce, kai ne shaidata, ba ni da kowa sai kai."

Ranar da ta fita takaba Hajja ta sa aka fitar mata da ƙullin kayanta waje. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ce ta ba su rumfa suka raɓa. Tun daga nan Safinatu ta shiga sintiri tsakanin rumfar da gareji, yau a ce manaja ya fita, gobe a ce ana jiran kaya daga Legas. Da ta samu ganinsa sai ya tura mata takarda. Abin da ke ciki shi ne ta amince ita ta zuba gurɓataccen mai, kamfani ba shi da laifi, ta kuma sallama motar a matsayin matacciya a sayar da ƙarfenta. Suleiman yana tsaye a gefe yana goge hannu da tsumma.

"Ki sa hannu ki huta, Safinatu. Abin da kika yi ai kin riga kin yi."

"Ya Suleiman, ka ji tsoron Allah. Gidan marainiyar ƙaninka ne fa!"

"Da kin tuna da marainiyar ai da ba ki je wurin 'yan bumburutu ba."

Ta ture takardar ta fita. Tun ranar aka hana ta shiga.

Tana cikin kukan nan a bakin ƙofa sai ga wani dattijo ya fito da kwanon abincinsa, rigar aikinsa duk baƙin mai. Baba Jona ke nan, mutumin kudancin Borno, shekararsa talatin yana kwance ƙarƙashin motoci, shi ya koya wa Suleiman riƙe sifana kafin a ɗora shi a kansa. Ya ja su inuwa, ya miƙa wa Nasiha gyaɗa.

"Wushe, sannu 'yata. Kullum ina ganinki, kunya ke hana ni magana. Suleiman ya hana kowa taɓa motar nan, ni kuma abin yana damuna. Faɗa min yadda take yi, kada ki rage komai."

Ta faɗa masa. Ya sosa gemu.

"Ta mutu, ta huta, ta tashi garau? Babu hayaƙi, babu jijjiga?"

"Babu, Baba."

"To wannan ba mai ba ne. In mai ya gurɓace, ko kwana mota ta yi tana hutawa haka za ta tashi tana tari. Akwai abin da ke yawo a cikin tankin nan. Famfo ya ja shi ya toshe baki, inji ya mutu, abin ya saki ya koma yawonsa." Ya rage murya. "Ranar da aka sa famfon, mu huɗu muka sauke tankin. Da aka zo rufewa ya ce mu je mu ci abinci, shi zai ƙarasa. Ban ga komai da idona ba, 'yata, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma tankin nan ba ya saukuwa sai da mutum huɗu, shi ya sa har yau bai iya komawa cikinsa a ɓoye ba."

Washegari Safinatu ta je wurin Bulama, wato mai unguwa, ta durƙusa ta roƙe shi ya raka ta, ya kuma sa baki Hajja ta zo. A ofishin manaja ta tsaya ta dube shi.

"Zan sa hannu. Amma sai an sauke tankin a gaban Hajja. In gurɓataccen mai aka tarar, na bar muku motar, na kuma yarda ni na kashe mijina."

Manaja, da ya gaji da ganin motar ta tare masa fili, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Suleiman ya fara kame-kame, wai ramin aiki a cike yake, wai ɓata lokaci ne. Hajja ta daka masa tsawa. "A sauke! Ina so ta gani da idonta, ta daina yawo da mu a gari!"

Aka tura motar kan rami. Safinatu ta rungume Nasiha tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. In Baba Jona ya yi kuskure fa? Shi ke nan, ba gida, ba mutunci, kuma wata rana yarinyar nan za ta girma a gaya mata uwarta ce ta kashe ubanta... Aka sauke tanki, aka tsiyaye man a farin bokiti. Ga shi nan garau, ko ɗigon ruwa babu. Baba Jona ya kwance famfon, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa. Ya laluba, ya laluba. Sai ya zaro wani abu mai santsi ya shimfiɗa a kan siminti. Leda ce. Ya sake zurawa ya zaro ta biyu, sannan ta uku. Da ya jera su sai suka haɗu suka zama leda ɗaya mai kauri, irin wadda sabon famfo ke zuwa a ciki, tambarin kamfanin bai gama gogewa ba.

Kowa ya juya ya dubi Suleiman.

"Ƙila... ƙila faɗawa ta yi ban sani ba," in ji Suleiman.

Baba Jona ya ɗaga guda ɗaya ya nuna bakinta. "Dubi yankan, Bulama. Da almakashi aka raba ta uku. Kuma kai kaɗai ka rufe tankin nan, Suleiman, mu uku ga mu a tsaye."

Hajja ta tako a hankali har gaban ɗanta. "Sule... dube ni."

Ya kasa. Ya zube a cikin baƙin mai. "Hajja, wallahi ban yi don ya mutu ba! So nake ya gaji da ita ya sayar, akwai wanda muka shirya da shi zai saya min a ɓoye. Ban san bijimi zai soke shi ba, ban sani ba..."

"Amma ka san wadda ka ɗora wa!" Hajja ta kurma ihu ta dafe ƙirji. "Wata shida kana kallona ina tsine wa marainiya! Ka kashe min ɗa, ka sa na ci amanar jikata! Je ka, ba ni ba kai!"

Nan take manaja ya karɓe makullan gareji daga hannunsa, ya yage takardar nan da kansa, Bulama kuma ya kira 'yan sanda. Aka fita da Suleiman ta ƙofar da ya hana Safinatu shiga, yaran da yake yi wa tsawa suna kallonsa, babu wanda ya ce masa sannu. Hajja Zaratu, da girmanta da furfurarta, ta durƙusa ta kama ƙafar surukarta tana kuka.

"Tashi, Hajja," in ji Safinatu, hawaye na zuba. "Na yafe miki. Ke ma ɗa kika rasa, yau kuma kin rasa na biyu. Shi kuwa na bar shi da Allah, ba zan iya cewa na yafe ba."

Kwana uku kamfani ya yi yana gyaran motar kyauta, sababbin tayoyi, sabon fenti, har da ban haƙuri a rubuce. Baba Jona, wanda yanzu shi ne shugaban makanikai, ya miƙa mata makulli da hannu biyu. Nasiha ta haye gado tana tsalle tana cewa sun dawo gida.

Safinatu ba ta nufi Maisandari ba. Ta ɗauki hanyar Khaddamari har gindin darbejiyar nan, ta tsaya ta yi wa Habib addu'a, sannan ta juya kan motar, ta dubi agogo, ta taka. Motar ta tafi sumul, ko tari sau ɗaya ba ta yi ba. A ƙofar asibiti ta taka birki ta sake duban agogon.

Minti goma sha tara.

Ta kifa kanta a kan sitiyari, injin yana ta aiki lafiya lau, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.